FITA DA IYALI KALLON NAMUN DAJI: HUKUNCINSA, LADUBBANSA DA DARASIN DAJIN KAMUKU

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wa'azin ƙarshen wata a garin Birnin Gwari ta jihar Kaduna. Mun kawo shi kamar yadda aka gabatar da shi, domin amfanin 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci giwa da girmanta, ya halicci tururuwa da ƙanƙantarta, kuma bai manta da arzikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayena da 'yan'uwana Musulmi, abin da ya jawo wannan jawabi wata tambaya ce da wani ɗan'uwa ya yi mini bayan sallar Asuba. Ya ce ɗansa mai shekara tara ya ga hoton wasu mutane a waya, suna cikin mota ana zagayawa da su suna kallon giwaye, sai yaron ya matsa masa lalle sai ya kai su irin wannan wuri idan an yi hutun makaranta. Mutumin ya ce da ni: "Malam, ni a gefen dajin nan aka haife ni, na ga sawun giwa da idona ina yaro, amma ga ɗana ko gada bai taɓa gani ba sai a waya. Shin ya halatta in kwashi iyalina mu tafi kallon dabbobi? In ya halatta, ina zan kai su, kuma yaya zan shirya?"

Na ga wannan tambaya ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye a ƙofar masallaci, domin kuwa akwai hukunci a cikinta, akwai amana, akwai kuma wani ciwo da ke cin mu mu mutanen wannan ƙasa. Saboda haka zan bi ta daki-daki, gwargwadon abin da Allah ya hore.

HUKUNCIN FITA KALLON HALITTUN ALLAH

Asalin wannan fita halal ce, kuma tana iya zama ibada idan niyya ta gyaru. Wanda ya karanta Alƙur'ani da lura zai ga cewa Allah (SWT) ya sanya wa surori da dama sunayen dabbobi da ƙwari. Akwai Baƙara, wato saniya, da An'am, wato dabbobin ni'ima, da Nahli, wato ƙudan zuma, da Namli, wato tururuwa, da Ankabut, wato gizo-gizo, da Fil, wato giwa. A cikin Suratul Gashiya, aya ta 17, Allah ya zargi waɗanda ba sa tsayawa su dubi yadda aka halicci raƙumi. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummu ne kamar yadda muke al'umma. To, wanda aka umarce shi da ya duba, ba za a ce ya yi laifi don ya tafi inda zai gani ba.

Haka nan shaƙatawa da iyali ba baƙon abu ba ne a Sunna. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya kare Nana A'isha (RA) tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji. Kuma lokacin da Hanzala (RA) ya ji tsoron ko ya zama munafuki, saboda yana komawa gida ya yi wasa da mata da 'ya'ya bayan ya bar majalisin wa'azi, Manzon Allah (SAW) ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa kowane lokaci da abin da ya dace da shi. Saboda haka magidancin da yake ganin cika fuska da ɗaure gira a gida shi ne tsoron Allah, to, ya sake karatu.

Sai dai ku lura da wani abu mai muhimmanci. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mai tafiya don wata manufa ta halal da mai tafiya don wasa zalla, kamar mai farautar da ba nama yake nema ba, nishaɗin kisa kawai yake bi. Irin wannan sun karhanta masa yin ƙasaru. Wannan yana nuna mana cewa niyyar tafiya tana taɓa har hukuncin salla. Don haka tun kafin a zuba mai a mota, maigida ya tsaya ya tambayi kansa: me zan je yi? Idan amsar ita ce in faranta wa iyalina, in nuna wa 'ya'yana ikon Ubangijinsu, to, madalla. Idan kuwa amsar ita ce don a ce wane ma ya je, a ɗauki hoto a nuna wa maƙwabta, to, wannan riya ce ta sa rigar yawon buɗe ido.

ABIN DA ALLAH YA AJIYE MANA A BAYAN GARI

Jama'a, kafin mu yi maganar zuwa nesa, ya kamata mu san abin da ke kusa da mu. Wannan daji na Kamuku, wanda yanzu da an ambaci sunansa sai gaba ya faɗi, tun shekarar 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji ƙarƙashin En'e ta Birnin Gwari. Daga baya ya zama gandun namun daji na jiha, sannan a watan Mayu na 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya shiga sahun gandayen ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Yana maƙwabtaka da gandun Kuyambana na jihar Zamfara, kogin Mariga ne ya raba su, kuma giwaye sun kasance suna kai da kawowa tsakanin dazuzzukan biyu, domin dabba ba ta san iyakar jiha ba.

Masu bincike sun rubuta cewa a cikinsa an samu giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri, kuma sun ƙidaya tsuntsaye iri 177. Akwai itatuwan doka da maje da kawo da kaɗanya da ɗorawa. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema. Duk waɗannan babu wanda ya dasa su ko ya gina su da kuɗinsa. Kyauta ce daga Allah.

Domin ku gane darajar wannan kyauta, bari in ba ku labarin abin da wasu suke yi don su samu kwatankwacinta. A jihar Filorida ta ƙasar Amurka, kamfanin Disney ya buɗe wani katafaren wurin shaƙatawa a shekarar 1998, inda aka share fili wajen eka 110 aka shirya shi ya yi kama da dajin Afirka, aka zuba giwaye da raƙuman dawa da zakuna, ana ɗaukar mutane a manyan motoci ana zagayawa da su na kimanin minti ashirin. Kukokin da ake nuna wa masu kallo a wurin da siminti aka yi su, haka ma surin gara. A ƙasashen Larabawa ma, Dubai ta buɗe irin nata a 2017, Sharja ta buɗe nata a 2022. Mutane suna biyan kuɗin jirgi da na masauki, suna shiga layi cikin rana, don su ga kukar siminti. Mu kuwa ga kuka ta gaske muna miya da ganyenta, ga dajin gaske a bayan gari, amma mun wayi gari ba mu isa mu kai 'ya'yanmu bakinsa ba. Wannan abin a tsaya a yi tunani ne.

YADDA NI'IMA TA ZAMA ABIN TSORO

Ba sai na ba ku labarin abin da ya faru ba, domin ku ne kuka binne gawarwakin. An fara da fashi a kan hanya da satar shanu, har ta kai a shekarar 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa ƙarfi da sojoji don fatattakar ɓarayin shanu daga Kamuku da Kuyambana. Daga nan abin ya rikiɗe ya zama satar mutane don kuɗin fansa da ƙone ƙauyuka. Ba mu manta da harin Gwaska na watan Mayun 2018 ba, inda aka kashe mutane da dama a yini ɗaya. Hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. A shekarar 2021 hukumar kula da gandayen dajin ƙasa ta dakatar da ziyara da bincike a Kamuku, tare da gandun Tafkin Kainji da na yankin Tafkin Chadi, saboda rashin tsaro.

Allah (SWT) ya haɗa ni'imomi biyu a cikin Suratu Ƙuraish, wato ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro. A cikin Suratun Nahli, aya ta 112, ya buga misali da wata alƙarya da take zaune lafiya arzikinta yana zuwa mata ta ko'ina, ta butulce, sai aka ɗanɗana mata yunwa da tsoro. A cikin Suratur Rum, aya ta 41, ya sanar da mu cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa daga aikin hannun mutane take. Ba ina cewa waɗanda aka kashe ko aka sace laifinsu ne ya jawo musu ba. Haƙiƙa waɗannan an zalunce su, kuma Allah zai bi musu haƙƙinsu. Abin da nake cewa shi ne, al'umma gaba ɗayanta ta binciki kanta. Wa yake kai wa ɓarayi mai da burodi da ƙwaya? Wa yake tsegunta musu wanda ya sayar da amfanin gona? Wa ya sayi saniyar sata da araha ya yi shiru? Wa ya cinye burtali da gona, wa ya karɓi cin hanci ya danne haƙƙin mai rauni a wurin shari'a? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan, aka yi sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar Kara bayan ta shafe shekaru a rufe. Mun gode wa Allah a kan kowane rai da ya tsira ta dalilin haka, muna kuma roƙon ya tabbatar da zaman lafiya. Amma ina jan kunnen magidanta: buɗe kasuwa daban, buɗe daji daban. Kada wani ya ji an ce an yi sulhu ya kwashi mata da yara ya nufi Dogon Ruwa da kansa. Babu mai shiga gandun ƙasa sai da izinin hukumarsa da rakiyar ma'aikatanta, kuma hedikwatar gandun tana nan cikin garin Birnin Gwari. Wanda yake da niyya ya je can ya tambaya. Idan suka ce a dakata, to, a dakata.

Wani zai ce, ai abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Gaskiya ne, amma wannan magana ba hujjar ganganci ba ce. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarga aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida (RA) cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙuma da ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Idan an hana ka jefa kanka, ina ga jefa yaron da bai san komai ba, wanda ya ba ka amanar ransa don kawai kai ne babansa?

INA ZA A KAI SU?

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai gidan ajiye namun daji na Audu Bako a Kano, wanda aka fi sani da Gidan Zu. Yaro zai ga dabbobi da idonsa, ko da yake a tsare suke. Shawarata ita ce a guje wa ranakun bikin Salla, saboda cunkoso da cuɗanyar maza da mata da ɓacewar yara. A zaɓi ranar da babu taro.

Ga wanda Allah ya hore wa, akwai gandun Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006. Faɗinsa ya ninka na Kamuku sau biyu. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a shiga har masaukin Wikki. A nan ne ake shiga motar zagaye tare da ɗan rakiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, saboda ciyawa ta bushe ido yana kaiwa nesa, kuma ƙishirwa tana tara dabbobi a bakin kogin Gaji. Akan fita da sassafe ko da la'asar, domin da tsakar rana dabbobi suna cikin inuwa. Sai dai ku sani, yankin Alkaleri inda gandun yake shi ma ya ɗanɗani hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, saboda haka tambaya kafin tafiya ta zama dole a can ma.

Ku kuma shirya zukatan yara tun daga gida. Daji ba gidan kallo ba ne da ake ɗaure dabba ta jira baƙo. Ana iya zagayawa awa biyu a ga gwambaza da ɓauna da birai, giwa kuwa ko ƙurarta ba a gani ba. Wannan ma darasi ne: yaro ya koyi cewa gani da rashin gani duk rabo ne, kuma halittun Allah ba don shi kaɗai suke rayuwa ba.

SHIRIN TAFIYA

Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, namiji kuwa iyalinsa ne kiwonsa. A kan wannan asali zan kawo abubuwa bakwai.

Na farko, kuɗin tafiya. Ya zama na halal, kuma ya zama rara ce bayan an sauke wajibi. Wanda ake bin sa bashi, ko bai biya kuɗin makarantar yara ba, ko mahaifiyarsa tana kwance babu magani, ko ɗan'uwansa ya dawo daga hannun masu garkuwa ba shi da abin sa wa a baka, to, wannan ya san inda kuɗinsa ya fi cancanta. Ba a cin bashi don yawon buɗe ido. A zauna a yi lissafin mai da masauki da abinci da kuɗin shiga da na motar zagaye, a kuma ware wani abu saboda larura.

Na biyu, adalci. Mai mace fiye da ɗaya, idan ba zai iya tafiya da su duka ba, Sunna ita ce ƙuri'a, kamar yadda Manzon Allah (SAW) yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Haka nan tsakanin 'ya'ya. Kada a ɗauki 'ya'yan mowa a bar na bora, kada a ɗauki maza a ce mata su zauna su yi wanke-wanke. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA) ya isa gargaɗi a kan fifita wani ɗa da kyauta. In akwai maraya a gidan, shi ya kamata a fara sa wa a mota.

Na uku, hanya. A duba lafiyar mota, a tashi da wuri, a yada zango kafin rana ta faɗi. Kada a yi tafiyar dare ko kaɗan. A sanar da wani amintacce inda aka nufa da ranar dawowa, amma kada a yi ta shela a majalisa ko a waya, domin ba kowane kunne ne na masoyi ba. Idan gidaje biyu ko uku suka haɗu, su naɗa shugaba guda, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawuda. A karanta addu'ar hawa abin hawa da ta sauka a masauki, a koya wa yara su ma.

Na huɗu, salla. Tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana yin ƙasaru a cikinta, kuma an yi rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, a mazhabar Malik, sai ya cika. A cikin motar zagaye ba a barin kowa ya sauka inda ya ga dama, saboda haka wanda zai fita zagayen yamma ya yi sallarsa tukuna. Abin kunya ne mutum ya je kallon halitta ya manta da Mahalicci.

Na biyar, sutura da kunya. Hijabi ba ya zuwa hutu. A Wikki akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi inda baƙi suke wanka, sau da yawa maza da mata a haɗe. Magidanci ya kiyaye iyalinsa da idonsa daga wannan. In ana son yara ƙanana su taɓa ruwan, a nemi lokacin da babu jama'a, kuma babba yana riƙe da su.

Na shida, bin dokar wurin. Idan ɗan rakiya ya ce kada a sauka, kada a yi ihu, kada a miƙa hannu waje, to, a bi. Giwa mai ɗa ba ta san wasa ba. Gwaggon biri kuwa ya saba da mutane har yana fizge abinci daga hannun yaro, yana shiga ɗaki in an bar ƙofa a buɗe. A tafi da gidan sauro da ruwan sha mai tsabta da magungunan da aka saba sha.

Na bakwai, a mayar da tafiyar makaranta. Uba ya koya wa 'ya'yansa sunayen dabbobi da itatuwa da harshensu, domin yau akwai yaran da suka san sunan dabba da Turanci amma ba su san gwanki ko burtu ko gauraka ba. Ya nuna musu haƙorin giwa da hancinta, ya tuna musu da Suratul Fil. Ya nuna musu yadda balbela take bin ɓauna tana cin ƙwarin da take tayarwa, ya tambaye su wa ya shirya wannan. In an dawo gida kowane yaro ya faɗi abin da ya gani.

HAƘƘIN DABBA A KANMU

Ya ku bayin Allah, dabba tana da haƙƙi. Wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, wani mutum kuma an gafarta masa saboda ya shayar da kare, duka a cikin Bukhari da Muslim. An hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a cikin tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga uwar tana shawagi cikin damuwa, ya umarce su da su mayar mata. Saboda haka kada a bar yaro ya jefi dabba, ko ya tsokane ta da kara, ko ya ba ta leda ta haɗiye.

Keɓe daji ma ba Turawa ne suka fara shi ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza saboda dabbobin zakka da na jihadi. Mu ma a ƙasar Hausa mun gaji hurumi da burtali. Don haka wanda ya shiga gandu ya harbe giwa don haƙorinta, ko ya sare madobiya da ƙirya ya loda a mota ba bisa ƙa'ida ba, ko ya cinna wa daji wuta don ya kama gafiya, ya ci dukiyar jama'a, kuma ya ji tsoron shiga cikin waɗanda Suratul Baƙara, aya ta 205, ta siffanta da halaka shuka da dabbobi.

Akwai kuma wata ɓarna da ta haɗa shirka da kisan dabbobi. Ku dattawa, ku tuna yadda ungulu take cika mahauta da kasuwa a da. Yau ina take? Tun 2015 masana suka sanya irin ungulun da muka sani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma daga cikin manyan dalilan akwai farautarta don sayar da kanta da sassan jikinta ga bokaye da 'yan tsibbu. Haka ake yi wa kura da damisa da mujiya. Mutum ya ba da kuɗinsa, ya ba da imaninsa, a kashe halittar da Allah ya sanya tana share mushe tana kare mu daga cuta, wai don ya samu sa'a ko kwarjini. Wanda ya rataya laya da fatar zaki yana neman tsari, an bar shi da abin da ya rataya. Kuma idan kun je irin waɗannan wurare aka nuna muku wani dutse ko kogo ko itace aka ce ana neman biyan buƙata a wurinsa, ku dube shi a matsayin halitta, ku faɗa wa 'ya'yanku cewa ba ya amfanarwa ba ya cutarwa. Ashe kun ga tauhidi ma yana kare namun daji.

KAMMALAWA

Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya, amsarka ita ce: ka kai su, Allah ya ba ka lada, amma ka kai su inda hukuma ta buɗe kuma hankali ya kwanta, da kuɗin da ba na wani ba, ba tare da an bar salla ko sutura a gida ba. In hali bai samu ba bana, kada ka yi wa yaron alkawarin ƙarya. Ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya, ka ba shi labarin sawun giwar da ka gani, ka sanar da shi cewa a bayan garinsu akwai daji wanda ya fi na cikin wayar, kuma zaluncin mutane ne ya shiga tsakaninsa da shi. Yaron da ya tashi da wannan sani, da wuya ya zama mai kai wa ɓarayi labari.

Sauranmu kuwa aikin da ke gabanmu shi ne mu riƙe sulhu da gaskiya, mu daina sayen kayan sata, mu yi adalci tsakanin manomi da makiyayi, mu kai karatu da wa'azi rugage da ƙauyukan da aka daɗe da mantawa da su, mu kuma ci gaba da tuna wa shugabanni cewa tsaron rayuka shi ne farkon abin da za a tambaye su. Muna fata Allah ya nuna mana ranar da malamin Islamiyya zai jera ɗalibansa a bakin Dogon Ruwa, su yi alwala da ruwansa, su yi sallar Azahar a inuwar doka, su dawo gida kafin Magariba babu abin da ya same su.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, ya shiryi masu ɓarna, in ba masu shiryuwa ba ne ya kare mu daga sharrinsu. Allah ya zaunar da Birnin Gwari da jihar Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafararsa.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.